Bargon ruwan madara da ya tsuke a tsakiya

Bargon na kwarashi ne, launi ɗaya, ruwan madara. Mai saƙar ta yi niyyar faɗinsa ya kai santimita 120, tsawonsa 150, daidai wanda mutum ɗaya zai lulluɓa da shi a kan kujera. Ba sabuwar hannu ba ce. Ta saƙa barguna masu ratsin launuka a baya, sun kuma fito lafiya. Wannan karon sai ta so ta ajiye launi gefe, salon saƙar ya zama shi ne adon: ɗamara-ɗamara a kwance, kowace da nata salo, tsayin kowace santimita 15. Ta fara da dobul zalla, ta bi da saƙar gida-gida, sai saƙar kwando, sai gudaji. Da ta kawo min shi ya kai santimita 60, kashi biyu cikin biyar na aikin ke nan, kuma matsaloli biyu sun riga sun fito fili, ta uku tana tafe ba ta sani ba.

Ta farko ido ma ya isa ya gani. Muka shimfiɗa shi muka sa tef. Ɗamarar dobul ta ba da 120 cif. Ta gida-gida ta sauko 108. Ta kwando 104. Ta gudaji ta sake buɗewa zuwa 116. Gefen bargon ya shiga ciki da santimita takwas ta kowane ɓangare sannan ya sake fitowa, kamar kalangu. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne lissafinta bai ɓace ba ko sau ɗaya. Idon saƙa 156 ta fara da su, ido 156 ne a layin ƙarshe. Na ƙirga da kaina, haka ne.

Ta biyu kuwa sikeli ne ya nuna ta. Dunƙule 12 ta saya, kowane giram 100, bisa abin da wani bargonta na dobul zalla ya ci. Abin da ta saƙa zuwa nan ya kai giram 530. In aka tafi a haka, kafin a kai 150 za a buƙaci sama da giram 1,300, ba a ma sa bakin da za a yi wa bargon a lissafi ba, alhali 1,200 ne gaba ɗaya a hannunta.

Me ya tsuke shi?

Zaren akirilik ne mai lamba 4 a ma'aunin kauri na ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka, wanda ya tashi daga 0 zuwa 7. Ga wannan kauri ma'aunin ya ba da kwarashi mai milimita 5.5 zuwa 6.5, da ido 11 zuwa 14 na singil, wato gajeren ido da ba a naɗi kafin a soka kwarashi, a santimita 10. Ta ɗauki 5.5, ta yi ɗan gwaji da dobul, ta samu ido 13 a santimita 10, ta ninka sau 12, ta samu 156. Lissafin ba shi da aibi. Sai dai na dobul ne kaɗai, ita kuwa salo huɗu za ta saƙa. Dobul ɗin da nake nufi a nan na tsarin Amurka ne, naɗi ɗaya kafin a soka kwarashi, wanda littattafan Ingila ke kira tirebul.

A dobul na yau da kullum kwarashi yana shiga ƙarƙashin madaukai biyu da ke kan idon ƙasa, sabon idon ya tsaya a kan tsohon, kowa a wurinsa. Salon da ke tasowa ba haka yake ba. Za a naɗa zare, a soka kwarashi daga gaba ta gefen ƙafar idon ƙasa, a zagaya ta bayanta a fito ta ɗaya gefen, sannan a jawo zaren. An rungumo ƙafar ke nan, kan idon an bar shi. Abu biyu ke faruwa nan take. Sabon idon ya fara daga ƙasa, rabinsa ya hau kan layin da ya gabata, don haka tsawon da layin ke ƙarawa ya ragu. Ƙafar da aka rungumo kuma an turo ta gaba, maƙwabtanta sun koma baya, saƙar ta shiga lanƙwasa ciki da waje. Abin da ya tafi zurfi daga faɗi aka cire shi.

Saƙar gida-gida layi biyu ce ake maimaitawa. A layin fuska, runguma ɗaya, dobul biyu, haka har ƙarshe. In aka juya, idon da aka rungumo a yi masa dobul a ka, biyun nan kuma a rungume su. Kawunan da aka bari su ne ke zama ɗan dakalin da ke kwance a fuskar bargon, rungumar layin farko kuma ta zama ginshiƙin da ke tsaye, sai ga ƙananan gidaje masu zurfi. Wato a layi biyu rabin idanun runguma ne. A saƙar kwando kuwa kusan duka runguma ne, huɗu ta gaba, huɗu ta baya, bayan 'yan layuka a sauya musu wuri. Ba mamaki ita ta fi kowa tsukewa. Gudaji nasu daban ne: dobul biyar a ido ɗaya, kowane a bar shi rabi, har madaukai shida su taru a kan kwarashi, a naɗa a zare su baki ɗaya, sannan a matse da singil. Matsewar nan ce ke tura gudan ya fito ta ɓangaren da ba ya kallon mai saƙa, shi ya sa ake yin su a layin baya. Ba sa cin faɗi sosai, zare suke ci.

A bargunanta na baya salo ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko an yi ɗan kuskure ratsin ja da shuɗi ya janye ido. A bargo mai launi ɗaya babu abin da zai janye idon. Adon duka inuwa ce: inda saƙa ta taso haske ya sauka, inda ta zurma duhu ya taru. Shi ya sa zaɓinta na ruwan madara daidai ne, don a baƙi ko shuɗi mai duhu inuwar ba ta da inda za ta bayyana, a zare mai gashi-gashi ko mai sauya launi kuma aikin ya nutse. Masu saƙar tsibiran Aran da ke yammacin Ayilan sun yi suna da wannan a ƙarni na 20, rigunan sanyi na gashin tumaki da ba a rina ba, adonsu igiyoyi da tudu kawai, ko da yake su da allura biyu suke saƙa. Amma hasken da ke fito da adon shi ne kuma ke tona duk wani ido da ya saki, duk wani ƙulli, duk wani gefe da ya karkace.

Hanyoyin da ta zo da su

Ba ta so a warware. Ban ga laifinta ba, aiki ne na makonni.

"Malama, in aka jiƙa shi aka ja aka kafe da allurai fa?"

Da gashin tumaki ne da na ce mu gwada, don shi yana shan ruwa, ya bushe a siffar da aka kafe shi, ko da yake santimita 16 ya yi yawa ko a wurinsa. Akirilik roba ce. Kamfanin DuPont ya samar da ita a 1941, ta shiga kasuwa da sunan Orlon a 1950, kuma abin da ya sa ake son ta a bargo, wato ba ta shan ruwa sosai, tana saurin bushewa, ba ta cuɗewa a wanki, shi ne ya hana jiƙo ya yi mata komai. A cire alluran, ta koma inda take.

Abin da ke lanƙwasa akirilik zafi ne. Don kada ya zama maganar baki, na sa ta saƙa ɗan ƙyallen kwando, muka ja shi muka kafe, muka riƙe dutsen guga mai tururi a samansa, tazarar yatsa biyu, ba tare da ya taɓa ba. Ƙyallen ya buɗe, ya kuma tsaya a buɗe. Sai muka ɗauke shi zuwa bakin taga muka ajiye kusa da bargon. Tudun ya kwanta. Ƙafafun da a da suke zagaye kamar an mulmula su sun baje, sun ɗauki wani ƙyalli, inuwar da ke tsakanin huɗun gaba da huɗun baya ta zama ɗan siririn layi. Ya yi laushi, ya yi lanƙwasa mai daɗi a hannu, wanda a gyale abin so ne. A nan kuwa an sayar da adon an sayi faɗi, kuma ba ya dawowa, wanki ba ya tayar da shi. Ta juya ƙyallen sau biyu ta ajiye, ba ta sake tayar da maganar ba.

Shawara ta uku ita ce a yi wa bargon baki mai faɗi ya rufe. Baki bin gefe yake yi, in gefen ya shiga shi ma ya shiga. Akwai masu cike ramin da dogayen idanu a inda ya zurma, gajeru a inda ya fito. Yana yi in bambancin santimita ɗaya ne ko biyu. A takwas kowa zai gane an yi ciko.

Na ce mata, "Ƙanwata, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zaren yana nan, hannunki kuma ya riga ya saba da salon."

Gwaji, tef da sikeli

Kafin a warware komai ta saƙa ƙyalle huɗu, ɗaya ga kowane salo, kowanne ya ɗan wuce santimita 20 ta kowane gefe, aka wanke su yadda za a riƙa wanke bargon, aka shanya a kwance. Ƙaramin gwaji yaudara ne, don idanun gefe ba sa zama kamar na tsakiya, kuma hannu bai gama sakewa ba. Muka auna a tsakiyar kowanne, muka ɗora a sikelin da ke nuna giram, muka daidaita nauyin zuwa murabba'in 20 sau 20.

Dobul: ido 13 a santimita 10, giram 24. Gida-gida: ido 14 da rabi, giram 36. Kwando: ido 15, giram 38. Gudaji jefi-jefi a kan singil: ido 13 da rabi, giram 30.

Daga nan sauran lissafi ne. Bargo mai 120 sau 150 murabba'in santimita 18,000 ne, ƙyalle ɗaya 400, wato ƙyalle 45 ke yin bargo. Da dobul zalla giram 1,080 ya isa, kuma ga inda dunƙule 12 ɗinta suka fito. Da gida-gida zalla 1,620, da kwando 1,710. Don faɗin ya tsaya a 120, gida-gida na son ido 174, gudaji 162, kwando wajen 180.

Ana iya riƙe salo huɗun, a riƙa ƙara ido ana ragewa a kowace mahaɗa. Na hana ta, kuma ba don wahala ba. Salo huɗu masu tudu a jere kowanne yana neman a kalle shi, babu fili mai lafewa da ido zai huta. A ganina bargo mai launi ɗaya ya fi kyau da salo ɗaya mai ƙarfi da wani mai sauƙi da zai ba shi wuri. Kwando aka fara cirewa, shi ne mafi nauyi da tauri, bargo kuma ana so ya bi jiki. Aka tsaya a kan gida-gida a tsakiya, tsawon santimita 90, da singil mai gudaji a kai da ƙafa, 30 kowanne. Tsakiyar ƙyalle 27 ce, giram 972. Kai da ƙafa ƙyalle 18, giram 540. Baki mun ƙiyasta 90.

Nan matsala ta uku ta iso. Ta koma neman ƙarin zare, iri ɗaya, suna ɗaya, lambar launi ɗaya, amma lambar rini ta sauya. A takardar da ke naɗe da dunƙule lambobi biyu ne: ɗaya ta launi, ɗaya ta zubin da aka rina tare. Zubi biyu ba sa fitowa daidai ɗari bisa ɗari. A ƙarƙashin ƙwan lantarki ba mu ga komai ba. Muka murɗe silin tsoho da na sabo wuri ɗaya muka kai hasken rana, sai ga sabon ya ɗan karkata zuwa rawaya. Kaɗan ne, irin wanda ba a gani a dunƙule amma ake gani a shimfiɗe.

Dabarar da aka saba ita ce a riƙa musanya, layi biyu da tsoho, layi biyu da sabo, har ido ya kasa gane iyaka. Tana aiki in bambancin bai taka kara ya karya ba. A nan na ji tsoron za ta haifar da ratsi mara ƙarfi daga sama har ƙasa, musamman da yake gida-gida ma layi biyu take maimaitawa, kowane jerin gidaje zai ɗauki launinsa. Sai muka raba su gaba ɗaya: tsohon zare ya yi tsakiya, sabon ya yi kai da ƙafa da baki. Ta haka sabon ya kewaye tsohon ta ko'ina, kuma canjin launin ya faɗo daidai inda salo ya canza, inda dama hasken ke sauya yadda yake sauka. Tsohon ya isa: 1,200, a cire kusan 130 na gwaji, a cire 972, saura kusan 100. Sabon ana son 630, ta sayi dunƙule bakwai.

Saƙa ta biyu

Zaren da aka warware yana fitowa a nannaɗe, ya riƙe siffar idanun da ya zauna a ciki. In aka saƙa shi haka, idanun ba sa kwanciya daidai, kuma a launi ɗaya wurin zai fita daban da inda aka yi da zaren da ba a taɓa ba. Ta naɗe shi a bayan kujera ya zama dogayen zobba, ta ɗaure kowanne a wuri huɗu, ta ratsa su ta tururin ruwan zafi daga nesa, sau ɗaya, ba ja, ta rataye su suka huce. Ya miƙe bai mutu ba. Wani abin da ya biyo baya shi ne tsagewa. Yawancin zaren kanti murɗinsa na ƙarshe yana bin hanyar da kwarashi a hannun dama ke sassautawa, ga shi wannan an saƙa an warware, sai silin ya riƙa rabuwa a bakin kwarashi. Runguma ta ɗan sauƙaƙa abin, tunda tsakanin idanu ake shiga, amma a dobul sai da ta rage sauri.

Ta fara daga tsakiya. Sarƙar farko, wato jerin madaukan da ake ɗora layin farko a kai, ta yi ta da kwarashi 6.5 don kada gindin ya ɗaure, ta koma 5.5 a layin farko. A juyawa ta bar sarƙa uku da aka saba ƙirgawa a matsayin dobul, don tana barin rami a gefe. Ta koma sarƙa biyu da ba a ƙirgawa, da dobul na gaske a idon farko. Ta maƙala alama a kowane ido 30, ta riƙa sa tef duk bayan santimita 10. Sabon dunƙule a gefe kawai ake haɗa shi, ko da saura kamu biyu a tsohon, babu ƙulli, a bar jela ta santimita 15 a ɓoye ta da allura mara tsini a bayan ginshiƙan, a tafi gaba a dawo baya.

Da tsakiyar ta kai 90, layin farko na singil ya sauko da ido daga 174 zuwa 162. Ragi 12 ne, an warwatsa su: singil 12, a haɗa biyu, singil 13, a haɗa biyu, sau shida. Da wannan ɓangaren ya kammala ta juya bargon ta kama ƙasan sarƙar farko ta yi daidai haka. Amfanin wannan shi ne kai da ƙafa duka daga tsakiya suka fita waje, idanunsu suna fuskantar gefe iri ɗaya, gudajin kuma sun yi daidai da juna. Sai dai a lura a ƙirga layi da kyau, gudajin su fito ta fuskar da gidajen suke.

Baki ya ɗan ba da wuya. Ƙa'idar da aka saba ita ce singil biyu a gefen kowane layin dobul, ɗaya a gefen layin singil. Layukan gida-gida gajeru ne, biyu-biyu ya yi musu yawa, bakin ya fara tattarewa tun kafin a yi nisa. Ta warware ta koma uku a kowane layi biyu, ya kwanta. Singil uku a kowace kusurwa, zagaye biyu, sannan zagayen ƙarshe na singil da baya, wanda mai hannun dama ke yi daga hagu zuwa dama, yana barin ɗan murɗaɗɗen igiya a gefe.

Da aka gama, faɗin 123 ne, tsawon 153, nauyin giram 1,590. Bambancin faɗi tsakanin tsakiya da kai bai kai santimita biyu ba. Bambancin rinin yana nan ga wanda ya sani, da rana, amma waɗanda suka gani sun ɗauka da gangan aka yi wa tsakiyar firam.

Abu biyu ba su gyaru ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na tsakiyar hannunta ya sake, gidajen suka ɗan ƙara girma na tsawon kamu ɗaya kafin tef ya ankarar da ita. Daga sama ba a gani, in haske ya zo ta gefe ana gani. Na ce ta bar shi, warware zare karo na biyu ya fi wannan illa. Na biyun kuwa halin salon ne: bargon fuska ɗaya gare shi, bayan gida-gida layuka ne a kwance marasa zurfi, bayan gudaji kuma lafe yake. Wanda ke son fuska biyu sai ya nemi kwando, ya yarda da nauyinsa.

A wankin farko an bi abin da takardar zaren ta ce, ruwa mai ɗumi, ba matsewa da murɗa. Wanda ya wanke bai sani ba ya rataya shi a igiya, nauyin ruwan ya ja shi, tsawon ya koma 158, gidajen da ke kusa da igiyar suka zama dogaye. An sake jiƙa shi, aka shimfiɗa a kan tawul aka tattaro shi da tafin hannu zuwa awonsa, ya bushe a 154.